Melatonin da lafiyar zuciya: tsakanin duhun dare da ƙwayar kwalba

A 'yan shekarun nan kwalaben melatonin sun fara bayyana a kan kantocin manyan shagunan magani na nan Jos, a jere da su bitamin da man kifi, kuma galibin masu sayensu mutane ne da barci ke yi wa gardama. Sai dai maganar ta ɗauki sabon salo, domin saƙonnin da ake ta turawa a zaurukan WhatsApp sun tashi daga batun barci sun koma cewa wannan ƙwaya tana sauke hawan jini, tana wanke jijiyoyi, har ma tana tsare mutum daga bugun zuciya, wato toshewar jijiyar da ke ciyar da zuciya. Irin wannan magana takan sami masu saurare da wuri a wurinmu, saboda da wuya a shiga gidan da babu mai hawan jini a cikinsa. Ƙiyasin da masana suka fi kawowa shi ne kusan mutum ɗaya cikin kowane manya uku a Najeriya yana ɗauke da shi, kuma da yawansu ba su ma sani ba. Maganar ba ƙarya ce tsagwaronta ba, wannan ne ma ya sa ta cancanci a zauna a tsefe ta, domin a ganina abubuwa biyu ne aka haɗa aka yi musu kuɗin goro: melatonin ɗin da jiki ke samarwa da kansa idan dare ya yi duhu, da kuma wanda ake ɗurawa a kwalba a sayar.

Wanda ya fara tace wannan sinadari likitan fata ne, Aaron Lerner, na Jami'ar Yale da ke Amurka, a shekarar 1958, kuma ba zuciya yake nema ba, ba kuma barci ba. Magani yake nema wa masu cutar da ke sa fata ta yi dabbare-dabbare, sai shi da abokan aikinsa suka tattara wani ɗan ƙululu da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa daga kawunan shanu sama da 200,000, suka tace, suka sami wani abu ɗan mitsitsi da ke sa fatar kwaɗo ta yi haske. Fatar ɗan Adam ba ta amsa ba, amma daga baya aka gane cewa wannan ƙululu, wanda likitoci ke kira finiyal, wanda kuma girmansa bai wuce ƙwayar shinkafa ba, shi ne ke sanar da dukkan sassan jiki cewa dare ya yi.

Yadda saƙon ke tafiya yana da muhimmanci ga duk abin da zai biyo baya. A cikin ido akwai wasu ƙwayoyin halitta waɗanda aikinsu ba ganin sura ba ne, auna yawan haske ne, kuma sun fi jin haske mai shuɗi-shuɗi irin na sararin sama da rana. Su ne ke kai rahoto ga babban agogon jiki da ke ƙasan ƙwaƙwalwa. Idan haske ya ragu, agogon sai ya aika da umarni ta wata doguwar hanyar jijiya da ke gangarawa ta lakar baya, ta biyo ta wuya, sannan ta koma sama zuwa ga finiyal, inda za a sarrafa sinadarin serotonin a mayar da shi melatonin a zuba a jini. Yakan fara hauhawa kimanin sa'o'i biyu kafin lokacin da mutum ya saba kwanciya, ya kai ƙololuwa tsakanin ƙarfe 2 da ƙarfe 4 na dare, sannan ya janye da gari ya waye. Duk abin da jiki ke samarwa a dare guda bai kai kashi ɗaya cikin goma na miligiram ba, kuma yana raguwa yayin da shekaru ke ja. Mai karatu ya riƙe wannan adadi, domin ƙwayoyin da ake sayarwa miligiram 3 ne ko 5 ko 10.

To mene ne haɗin wannan da zuciya? Zuciya da jijiyoyin jini su ma suna bin agogo. A jikin mai lafiya, awon jini yakan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari idan ya yi barci, bugawar zuciya ta sassauta, jijiyoyi su saki. Wannan saukar ita ce hutun da zuciya ke samu, ita da take bugawa kimanin sau 100,000 a kowace rana ba tare da tsayawa ba. Akwai mutanen da jininsu ba ya sauka da dare, kuma bincike ya daɗe da nuna cewa sun fi fuskantar kaurin naman zuciya, da lalacewar ƙoda, da shanyewar ɓarin jiki, ko da kuwa awonsu na rana bai fi na wasu muni ba. An kuma lura cewa wannan rashin sauka ya fi yawa a tsakanin baƙar fata, abin da ya sa batun ya shafe mu kai tsaye. Da asuba kuma lamarin yakan juya: sinadaran da ke tayar da jiki su hau, jini ya ƙara saurin daskarewa, awo ya yi sama. Tun a 1985 binciken James Muller da abokan aikinsa a Amurka ya nuna cewa bugun zuciya ya fi afkuwa tsakanin ƙarfe 6 na safe da tsakar rana. Duk wanda ya ga wannan tsari, ya kuma ga cewa sa'o'in da zuciya ke hutawa su ne sa'o'in da melatonin ke cike da jini, dole ya tambayi kansa ko akwai hannunsa a cikin hutun.

Akwai dalilan da ke sa a yi zaton haka. Tun a shekarun 1960 aka ga cewa idan aka cire wa ɓera finiyal jininsa yakan hau, daga baya kuma aka ga ba shi melatonin yana rage hawan. Sinadarin yana lafar da ɓangaren jijiyoyin da ke sa jiki cikin shirin faɗa ko gudu, wato ɓangaren da ke matse hanyoyin jini ya hanzarta zuciya. A jikin bangon jijiyoyin jini kuma an gano kafofi iri biyu da ke karɓar saƙonsa, ana kiransu MT1 da MT2, kuma abin lura shi ne ba aiki ɗaya suke yi ba: ta farko takan sa jijiya ta tsuke, ta biyu takan sa ta buɗe. Saboda haka tasirinsa ya danganta da wace jijiya ce, da kuma wace kafa ce ta fi yawa a jikinta. Masu tallan da ke cewa yana buɗe jijiyoyi kawai sun ɗauki rabin labari ne.

Dalilin da ya fi jan hankalin masana shi ne wanda ya fito daga ɗakin binciken Russel Reiter a San Antonio ta jihar Texas a 1993. Kowace ƙwayar halitta tana ƙona abinci da iskar oksijin domin ta sami ƙarfi, kuma wannan ƙonawa tana barin wasu ɓurɓushi masu ɓarna da ke cin bangon ƙwayoyin halitta sannu a hankali, kamar yadda tsatsa ke cin kwanon rufi damina bayan damina. Su ne ke lalata shimfiɗar cikin jijiya, su kuma gurɓata kitsen da ke yawo a jini har ya sami damar maƙalewa a bango ya fara toshe hanya. Abin da Reiter da mutanensa suka nuna shi ne melatonin yana kama mafi munin waɗannan ɓurɓushi ya kashe kaifinsu, kuma abubuwan da yake rikiɗewa ya zama bayan ya yi hakan su ma suna ci gaba da wannan aiki. Yana kuma zaburar da sinadaran kariya na jiki. Fifikonsa a kan wasu masu irin wannan aiki shi ne yana ratsa ruwa yana ratsa kitse, don haka yana isa har cikin mitokondiriya, wato 'yan ɗakunan da ake samar da ƙarfi a cikin ƙwayar halitta, waɗanda suka cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na girman ƙwayar naman zuciya.

Inda wannan ya fi amfani, a ka'ida, shi ne lokacin bugun zuciya. Idan gudan jini ya toshe jijiyar da ke ciyar da zuciya, naman da ke gaba da toshewar yakan fara mutuwa, kuma babu mafita sai a buɗe hanyar da gaggawa. Amma dawowar jini kwatsam ita ma tana da tata illar, domin iskar oksijin da ta kwararo cikin naman da ya galabaita takan haifar da ambaliyar waɗancan ɓurɓushi, ta ƙarasa wasu ƙwayoyin da da sun tsira. A gwaje-gwaje masu yawa da aka yi a kan ɓeraye, melatonin ya rage girman wurin da ya mutu, ya kuma rage rikicewar bugawar zuciya da ke biyo baya. Wannan sakamako ne ya haifar da mafi yawan kanun labaran da ake yaɗawa, sai dai ba a cika faɗin cewa ana ba dabbobin abin da ya kai miligiram 10 a kowane kilo na nauyin jiki ba, sau da yawa ma kafin a toshe jijiyar. Idan aka yi lissafi da nauyi kai tsaye, mutum mai kilo 70 zai buƙaci miligiram 700 ke nan, kuma babu wanda ke samun sanarwa kafin bugun zuciya ya same shi.

Da aka zo kan mutane sai hoton ya rabu biyu. A ɓangaren abin da jiki ke samarwa, bincike daban-daban sun yi ta nuni wuri guda. A 1995 mujallar Lancet ta buga rahoton da ya nuna cewa masu cutar jijiyoyin zuciya suna da ƙarancin melatonin da dare idan aka kwatanta su da masu lafiya. Babban binciken nan da ke bin lafiyar ma'aikatan jinya mata a Amurka shekara da shekaru ya auna ragowar sinadarin a fitsarin safe, ya kuma gano cewa waɗanda nasu ya yi ƙasa sun fi kamuwa da ciwon suga daga baya, wannan a 2013, sannan a 2017 aka sami irin wannan alaƙa da bugun zuciya, musamman a tsakanin masu ƙiba. A 2012 kuma mujallar likitocin Birtaniya ta BMJ ta tattara bincike 34 da suka ƙunshi mutane sama da miliyan biyu, ta nuna cewa masu aikin karɓa-karɓa, wanda ya haɗa da kwanan aiki, haɗarin bugun zuciya ya ƙaru musu da kashi 23 cikin ɗari. Duk waɗannan alaƙa suke nunawa, kuma mai hankali zai ce mai yiwuwa ƙarancin melatonin alama ce kawai ta daren da ya lalace, ba shi ne mai ɓarnar ba. Wannan ƙorafi ne mai ƙarfi, kuma akwai abin da ke mara masa baya: a wani gwaji da aka buga a 2022 daga Jami'ar Northwestern, matasa masu lafiya da suka kwana dare guda da fitila a kunne zuciyarsu ta fi saurin bugawa cikin barci, da safe kuma jikinsu ya fi wahalar sarrafa suga, alhali yawan melatonin ɗinsu bai bambanta da na waɗanda suka kwana a duhu ba. Ke nan duhu yana yi wa zuciya aiki ta hanya fiye da ɗaya, kuma ba dukkan hanyoyin ne za a iya dunƙulewa a ƙwaya ba.

A ɓangaren ƙwayar kuwa, abin da ya fi kyau shi ne na hawan jinin dare. A 2004 Frank Scheer da abokan aikinsa a ƙasar Holan suka ba maza 16 masu hawan jini da ba su fara shan magani ba miligiram 2.5 awa ɗaya kafin kwanciya, tsawon mako uku. Awon sama ya sauka da maki 6 cikin barci, na ƙasa da maki 4, amma shan dare ɗaya tak bai canza kome ba, abin da ke nuna cewa gyaran agogo ne ke aiki a hankali, ba buɗe jijiya nan take ba. A 2011 Ehud Grossman ya tattara gwaje-gwaje bakwai da suka ƙunshi mutum 221, ya kuma fito da bambanci mai amfani ƙwarai: nau'in da ke narkewa sannu a hankali cikin dare ya sauke awon sama da kimanin maki 6, nau'in da ke narkewa nan take kuwa bai yi wani tasiri ba. Dalilin a fili yake, domin hanta tana share rabin melatonin daga jini cikin ƙasa da awa ɗaya, don haka ƙwaya mai saurin narkewa takan yi tsalle sama ta faɗo tun kafin tsakar dare. Galibin abin da nake gani a kantoci irin wannan ne mai saurin narkewa. Maki 6 ba abin rainawa ba ne, amma mutum 221 a gwajin 'yan makonni ba su isa a gina magani a kansu ba, idan aka tuna cewa magungunan hawan jini da likitoci ke rubutawa an gwada su a kan dubun dubatar mutane tsawon shekaru, an kuma ƙirga mace-mace da shanyewar jikin da suka hana, ba lambar da ke kan na'ura kaɗai ba.

Gwajin bugun zuciya kuwa bai cika burin da aka ɗora masa ba. A Sifaniya, ƙarƙashin jagorancin Alberto Dominguez-Rodriguez na tsibirin Tenerife, an ba marasa lafiya melatonin ta jijiya, har da kai tsaye cikin jijiyar zuciya, a daidai lokacin da ake buɗe musu toshewar. Mutum 146 ne suka shiga, kuma sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna bai rage girman wurin da ya mutu ba, har ma an ga alamar cewa zuciyar waɗanda aka ba ba ta farfaɗo da kyau kamar ta sauran ba. Da aka koma aka sake rarraba alƙaluman an ga kamar waɗanda aka yi wa aikin da wuri sun ɗan amfana, amma irin wannan tonon bayan an gama gwaji yakan buɗe sabuwar tambaya ne, ba ya zama hujja. Wani ƙaramin gwaji a Denmak a 2017 ɗin shi ma bai ga amfani ba.

Sai kuma labarin da ya tayar da ƙura a watan Nuwamban 2025, a taron shekara na Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka a birnin New Orleans. An duba bayanan asibiti na manya sama da 130,000 masu fama da rashin barci, aka kwatanta waɗanda aka rubuta sun sha melatonin shekara ɗaya ko fiye da waɗanda ba a rubuta musu ba, sai aka tarar cikin shekara biyar kashi 4.6 cikin ɗari na masu sha sun kamu da gazawar zuciya, sauran kuwa kashi 2.7. Ban ɗauki wannan a matsayin hukunci ba, kuma su kansu masu binciken ba su ɗauke shi haka ba. Rahoton farko ne da aka gabatar a taro, kuma a ƙasar da ake sayen ƙwayar ba tare da takardar likita ba masu sha da yawa ba za su bayyana a rajista ba. Bugu da ƙari, wanda ya shekara yana neman maganin barci mai yiwuwa rashin barcinsa ya fi tsanani, ko ma zuciyar ce ta riga ta fara rauni take hana shi barcin. Amma adalci ya nuna cewa mizanin da muka auna wannan da shi mu auna labaran daɗi da shi, tunda su ma galibinsu alaƙa ce. Wanda ya karɓi alaƙa a matsayin hujja lokacin da ta yi masa daɗi, ba shi da bakin ƙin ta lokacin da ta juya masa baya.

Akwai abu guda da nake ganin ya fi kowanne shafar mai hawan jini a garin nan, kuma ban taɓa ganinsa a saƙonnin talla ba. A shekarar 2000 wasu likitoci a Italiya suka ɗauki mutum 47 da hawan jininsu ya daidaita da maganin nifedifin, suka ba su miligiram 5 na melatonin kowane dare na tsawon mako huɗu. Maimakon jinin ya ƙara sauka sai ya hau da kimanin maki 6, bugawar zuciya ma ta ƙaru. Nifedifin da danginsa suna cikin magungunan da aka fi rubutawa a asibitocinmu, domin wannan rukuni na cikin waɗanda suka fi yi wa baƙar fata aiki. Ke nan dattijon da 'ya'yansa suka kawo wa kwalbar melatonin a matsayin tsaraba yana iya warware aikin maganin da ya daɗe yana riƙe da shi. Masu shan warfarin domin tsinka jini su ma an gargaɗe su, haka nan wasu magunguna, irin su sifurofuloksasin na kashe ƙwayoyin cuta da mutanenmu ke saye ba tare da takardar likita ba, suna rage saurin da hanta ke share melatonin har ya taru a jini. Ta wani gefen kuma akwai inda ya taimaka: magungunan hawan jini irin su atenolol suna toshe wancan saƙo da ke zuwa finiyal, su rage melatonin na dare, abin da ake ganin yana cikin dalilan da ke sa wasu masu shansu ke kukan rashin barci, kuma a 2012 Scheer ya nuna cewa miligiram 2.5 ya ƙara wa irin waɗannan marasa lafiya barcin sama da rabin awa. Ƙwaya ɗaya ce, amma ga wani gyara ga wani ɓarna, kuma likita ko ƙwararren mai harhaɗa magani da ya ga jerin abin da mutum ke sha ne kaɗai zai iya bambancewa.

Matsalar abin da ke cikin kwalbar ma tana nan. A Birtaniya sai da takardar likita ake bayar da melatonin, kuma nau'in miligiram 2 mai narkewa a hankali da hukumar magunguna ta Turai ta amince da shi a 2007 an keɓe shi ne ga masu shekara 55 zuwa sama, na ɗan lokaci. A Amurka kuwa a sahun ƙarin abinci yake, ba a yi masa binciken da ake yi wa magani kafin ya shiga kasuwa. Masu bincike a Jami'ar Guelph ta Kanada sun auna samfuri 31 a 2017, suka tarar wani ya gaza abin da aka rubuta a jikinsa da kashi 83 cikin ɗari, wani ya zarce da kashi 478, kuma takwas daga ciki suna ɗauke da serotonin da ba a ambata ba. Duba lambar NAFDAC wajibi ne, amma kayan da suka shigo a jakar matafiyi ko aka yi odarsu ta intanet ba su bi ta wannan ƙofa ba.

Idan aka bar kwalba aka koma ga wanda jiki ke samarwa, mu a nan muna da wata ni'ima da ba mu cika lura da ita ba. Jos tana kusa da tsakiyar duniya, don haka darenmu bai cika nisa da sa'o'i 12 ba rani da damina, saɓanin arewacin Turai inda rana ke kaiwa ƙarfe 10 na dare ba ta faɗi ba a wani lokaci na shekara. Sanyin tsaunin nan ma yana taimakawa, domin jiki yana buƙatar zafinsa ya ɗan sauka kafin barci ya kama. Abin da ya sauya shi ne hasken cikin gida. Aci-balbal da fitilar ƙwai haskensu ja-ja ne mai rauni wanda bai cika ruɗar agogon jiki ba, amma farin ƙwan lantarki na zamani, da fitilar caji, da na'urar sola da ta hana gidaje da yawa sanin an ɗauke wuta, da fuskar waya da ake kangawa dab da ido, duk suna da yalwar wancan haske mai shuɗi-shuɗi. Wani bincike daga Jami'ar Harvard a 2011 ya nuna cewa hasken ɗaki na yau da kullum a sa'o'in da ke gaban kwanciya ya jinkirta fitowar melatonin ga kusan duk waɗanda aka gwada, ya kuma gajarta lokacinsa da kimanin minti 90. Ingantaccen hadisi ya zo da cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana ƙin barci kafin Isha'i da hira bayanta, kuma gidan da ya rage fitilu ya ajiye wayoyi bayan Isha'i ya yi wa agogon jikinsa abin da ya dace ba tare da ya kashe ko sisi ba. Fita cikin hasken safiya ma yana cikin gyaran, domin shi ne ke saita agogon ya san lokacin da zai saki melatonin a daren da ke tafe.

Lokacin cin abinci ya shigo cikin lissafin. Idan melatonin ya yi yawa a jini, jiki yakan rage sakin insulin, sinadarin da ke rage suga a jini, don haka tuwon ƙarfe 11 na dare, ko indomi da ƙwai da shayi mai kauri a teburin mai shayi, suna tarar da jikin da ya riga ya rufe ɗakin girkinsa, sai suga ya daɗe yana yawo a jini. An nuna cewa shan ƙwayar dab da cin abinci yana haifar da irin wannan, kuma ya fi tsanani ga masu wani nau'in gado na kafar MT2. Mai ciwon suga da ke sha'awar ƙwayar ya kamata ya san da haka, haka ma mai azumi da ke tunanin haɗiye ta bayan ya cika ciki da sahur domin ya koma barci. Goro da shayi da lemukan ƙara kuzari kuma suna ɗauke da kafin, wanda rabinsa ke nan a jini bayan kimanin sa'o'i biyar, don haka goron la'asar yana iya bin mutum har shimfiɗa.

Ba kowane jinin da ya ƙi sauka da dare ne laifin haske ba. Yawan gishiri da dunƙulen miya yana sa ƙoda ta ci gaba da aikin fitar da shi cikin dare da awo a sama, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi. Minshari mai ƙarfi da ke zuwa da ɗaukewar numfashi shi ma babban dalili ne, domin duk lokacin da numfashi ya tsaya jiki yakan zabura jini ya yi sama, sau da yawa a cikin awa guda, kuma melatonin ba ya buɗe maƙogwaron da ya rufe. Uwargidan da ke jin maigida yana shiru sannan ya ja numfashi da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe, ita ce ta fi kowa cancantar kai wannan rahoto ga likita, wanda zai iya neman a ɗaura masa na'urar da ke auna jini tsawon sa'o'i 24 domin a ga abin da ke faruwa cikin barci.

Waɗanda lamarin ya fi yi wa wuya su ne waɗanda abincinsu ke cikin dare: ma'aikatan jinya, da masu gadi, da masu gidan burodi, da direbobin da ke lodin tumatir da kabeji da dankali a Farin Gada su kwana a hanyar kudu. Ba za a ce musu su bar sana'a ba, amma akwai abin da ke hannunsu. Idan an tashi aiki da safe a rage shan hasken rana a hanyar komawa gida, a toshe tagogin ɗaki da labule mai kauri, a riƙe lokacin barci guda gwargwadon iko, a ci abinci mai nauyi kafin a fara aiki maimakon ƙarfe 2 na dare, a kuma riƙa auna jini akai-akai ko da ba a jin ciwon kai, tunda hawan jini ba ya sallama. A irin wannan hali ne likita kan ga dacewar ɗan ƙaramin adadi na melatonin na ɗan lokaci domin saita barcin rana, da sharaɗin cewa wanda ya sha ba zai kama sitiyari ba sai bayan sa'o'i da dama, kuma zai ci gaba da shan maganin hawan jininsa yadda aka rubuta masa.